Zulaihatu Ba Ta Mayar Da Kwano Fanko

A tashar Faskari an ce Zulaihatu ɗiyar Goggo Asma'u ta ɗauki littafi mai nauyin buhun siminti ta kwaɗa wa wani babban malamin jami'a a ka, hularsa ta yi tsalle ta faɗa rijiya. Kafin labarin ya iso kasuwar Sabuwa hular ta zama rawani, rijiyar ta ƙafe don baƙin ciki, gwamnati kuma ta raba wa direbobin jirgin sama hoton Zulai, aka ce duk wanda ya ɗauke ta a bakin aikinsa. Wata mai fura ta rantse mini ta ga hular da idonta ana shanya ta a kan danga.

To ni ina wurin, a motata ma aka je, kuma ƙarya ce. Gidan babu rijiya, famfo gare su. Littafin siriri ne, in iska ta taso da ƙarfi sai ka bi shi da gudu. Da hannu biyu ta miƙa shi, ta rusuna har ƙasa kamar amarya gaban surukai. Abu ɗaya ne gaskiya cikin zancen: jirgin ya tashi ba da ita ba. Yadda aka yi shi zan faɗa, ko da za ta sa a hana ni tuwo a gidansu har kaka.

Ni ne Bilya. Babana ƙanen Goggo Asma'u ne, saboda haka Zulai taubashiyata ce, na samu izinin tsokanarta tun ranar da aka raɗa mata suna. Boko na taɓa shi har aji huɗu, muka rabu lafiya ba wanda ya riƙe wani. Yanzu a-kori-kura nake ja tsakanin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, ina ɗaukar dawa da awaki da mutanen da suka yarda su zauna da awaki.

Kafin ka gane Zulai sai ka gane uwarta. Goggo tana da doka guda da ta fi katangar gidanta tsayi: ba a mayar da kwano fanko. In maƙwabciya ta aiko da dambu, kwanon ba ya komawa sai da wani abu a ciki, ko gyaɗa ce, ko kuka, ko ɗan ƙullin gishiri. Takan ce, "Wanda ya aiko maka ya ɗauke ka maƙwabci. In ka lashe ka mai da mashi wayam, kai da kanka ka ce kai mai karɓa ne kawai." Wata shekara da damina ta yi tsanani, rumbu ya kai ƙasa, aka aiko musu da fate. Zulai tana 'yar ƙarama, ta duba gidan ba ko ƙwayar gero, ta wanke kwano ta kama hanya. Goggo ta tare ta a bakin zaure. Ƙarshenta sai da yarinyar nan ta hau tsamiyar bayan gida ta cika kwanon da 'ya'yan tsamiya, ta sauko da gwiwa a kuje, sannan aka bar ta ta wuce. Tabon yana nan. In ta musa, ku ce ta nuna gwiwar hagu.

Karatu kuwa ciwo ne aka haife ta da shi. Takardar da aka ƙunso ƙosai sai ta karance ta kafin ta ci ƙosan. Gwangwanin madara, buhun taki, bayan motar katako, ba abin da ya tsira. Mu muka sa mata suna Gara, don duk takardar da ta kwana kusa da ita ta shiga uku. Daga firamare ta wuce makarantar 'yan mata, daga can sai jami'a a Zariya, da ta gama suka ƙi sakin ta, suka riƙe ta ƙaramar malama a sashen adabi. Na tambaye ta mene ne adabi, ta ce labarai da waƙoƙi. Na ce ashe gwamnati biyan mutum take yi ya yi tatsuniya da rana, Allah ya ƙara wa man fetur albarka.

Shekarun ke nan da arzikin mai ya fashe. Wanda jiya jakinsa na aro ne yau babur yake tuƙawa. Rediyo ta shiga kowane zaure, siminti ya zama kamar ƙasa. Malaman jami'a kuwa kowa ya yi mota, littattafai kuma kwali-kwali ake sauke musu daga jirgin ruwa. Cikinsu ba wanda ya kai Dakta Barau, shugaban sashen su Zulai, mutumin Ƙanƙara. Ya gina gida a garinsu, ya ware falo guda ya jera littattafai tun daga ƙasa har rufi. Mutum ne mai ilimi, ban hana shi ba. In ya yi Turanci har kajin gidan sukan tsaya su saurara.

Duk dogon hutu na damina, malaman jami'a 'yan yankinmu sukan taru a falon nan ranar Asabar da hantsi, a yi hirar littattafai. Tsarin zaman kuwa kowa ya san shi ko da ba a taɓa faɗa ba. Dakta zai miƙe ya bi jerin littattafansa da yatsa, ya zaro wa kowa nasa. Ka tafi da shi gida, zama na gaba ka dawo da shi ka faɗi abin da ka ƙaru. Littafi a gidan nan kamar ruwa yake, daga tudu yake gangarowa, ba a taɓa ganin ya hau ba.

A shekarar aka ba sashensu gurbin mutum ɗaya da za a tura Ingila ƙaro karatu, kuma Dakta ne mai aika suna. Mutum biyu ake dubawa: Zulai, da Malam Mani na Faskari. Kowa ya san Zulai ce a gaba, shi kansa Mani ya sani. Tana son tafiyar nan kamar ranta. Ta sayi wata rigar sanyi mai kaurin bargo, na taɓa kama ta ta sa ta a ɗaka cikin zafin bazara tana duba madubi, gumi yana zuba. Goggo kuma ta fara tanadin kuka da yaji da daddawa, wai kada ɗiyarta ta je ta mutu da abinci marar gishiri.

Ni nake kai ta Ƙanƙara, mu tsaya Faskari mu ɗauki Mani. Da yake ni ɗan'uwa ne, kuma ruwa yakan sauko, sai a bar ni in zauna daga bakin ƙofar falo da kwalbar lemo. Haka na sha adabi kyauta. Mani gwanin yabo ne. Ranar da na fara jin sa, ya yabi littafin da aka ba shi, ya yabi marubucin, ya yabi kakan marubucin, saura kaɗan ya yabi zaren da aka ɗinke shi.

"Ran Dakta ya daɗe," in ji shi, "tun da na karanta wanga littafi ko tuwo na ci sai in ji ya canza ɗanɗano."

Wani malami ɗan garin Ƙetare ya ce, "Halan matarka ce ta canza miya."

Aka yi dariya, Dakta ya murmusa, ya zaro wa Zulai wani ƙaton littafi wanda in ka sa shi bayan tayar mota a gangare ba za ta motsa ba. Ya ce labarin wani gida ne na masu injin niƙa a wata ƙasa mai sanyi, tun daga kaka har jikoki suna rigima kan magudanar ruwa. Ya ce wanda bai karanta shi ba bai fara karatu ba.

Ta karance shi tas a tsakar gidan Goggo, tana yi tana korar kaji daga shanya. Wani wuri ta yi dariya, wani wuri ta yi tsaki, na ga ma ta share ido sau ɗaya ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Da ranar mayarwa ta zo, sai na ga ta buɗe akwatinta ta ɗauko wani ɗan littafi mai bangon takarda, irin wanda ake shimfiɗawa a bakin titi a Zariya. Ta ɗora shi kan ƙaton, ta ɗaure su cikin adikon Goggo.

Mani yana shiga mota a Faskari idonsa ya faɗa kan ƙunshin. Ya tambaya, ta faɗa masa. Ya ce in tsaya. Na ce birkina ba ya son a ba shi umarni ba shiri, ya yi maganarsa muna tafiya.

"Malama, ba a ba Dakta littafi. Shi ke bayarwa."

"To shi wa ke ba shi?"

"Ingila."

"Ingila ba ta san wanga ba," in ji ta. "Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta rubuta shi, a wata ƙasa nan kusa da mu. Labarin tsohuwar da aka ce ta tashi za a ratsa titi ta gonarta, ta ƙi. Na ƙaru da nashi, ina so ya ƙaru da nawa. Mi ya yi zafi?"

Mani ya juyo gare ni. "Bilya, yi mata magana."

Na ce, "Malam, ni tun tana da shekara biyar nake yi mata magana, ka ga inda ta kai mu."

A falon, da layi ya zo kanta, ta faɗi ra'ayinta kan ƙaton littafin. Ta ce farkonsa zuma ne, ƙarshensa ya taɓa ta, amma tsakiyarsa kamar hanyar Sabuwa ce da damina, sai ka sauka ka tura. Wani ya yi tari, Mani ya duƙar da kai yana nazarin takalminsa. Dakta bai ji haushi ba, har ya gyaɗa kai. Sai ta kwance adiko, ta rusuna, ta miƙa masa littattafai biyu.

Ya ɗaga ƙaramin da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci ƙadangare a tulu. "Wannan fa?"

"Ran Malam ya daɗe, kwano ne ban so ya dawo fanko ba."

Duk wanda ke wurin ɗan ƙauye ne kafin ya zama malami, kowa ya san abin da ake nufi da cika kwano. Maƙwabci ke yi wa maƙwabci. Shi ya sa maganar ta fi mari zafi, ko da yake ita da zuciya ɗaya ta yi ta.

Dakta ya juya littafin gaba da baya. "Mai shi tana da rai?"

"Tana nan da ranta, Malam."

"To kin gani. Littafi kamar daddawa yake, sai ya kwana ya kwana kafin a san ko ya yi. Waɗanda ke bangon nan duk marubutansu sun daɗe a ƙasa, zamani ya tace su. Wannan ko tsami bai fara ba."

"Gaskiya ne, Malam. Amma daddawar ma wani ne ke buɗe ta ya sansana. In kowa ya ce sai mai ita ta mutu, ruɓewa za ta yi a rufe."

Malamin Ƙetare ya saki dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Dakta ya ajiye littafin a kan tebur, ya tura shi gabanta da ɗan yatsa.

"Ɗauki abinki, Malama Zulaihatu. Zan ɗauka ban gani ba."

"Malam, a gidanmu abin da ya shiga kwano ba ya komawa tukunya."

Ya cire tabarau ya goge. Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. Ya ce ƙarshen wata zai aika da sunan mai tafiya Ingila, kuma shi a saninsa mai zuwa neman ilimi hannu yake buɗewa ya karɓa. Wanda ya riga ya fara rabawa, me zai je nema? Ya ce littafin yana nan kan tebur, duk ranar da ta zo ta ɗauke shi magana ta wuce.

Zulai ta naɗe adikonta, ta yi sallama da ladabi, ta fita. Na bar rabin lemona, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

Ranar Laraba sai ga Mani a Sabuwa kan babur, taɓo har gwiwa. In faɗi gaskiya, mutumin kirki ne, don shi ne zai ci ribar taurin kanta amma ya zo ya hana ta. Ya zauna kan turmi ya roƙe ta. Ya ce ba sai ta ba da haƙuri ba ma, ta shiga kawai ta gaida Hajiya Bilki matar Dakta, in za ta fito ta zari littafin ta sa a jaka. Ni kuma na kawo tawa gudummawar, na ce zan shiga da sunan neman ruwan da zan zuba a radiyetar mota in sace shi, kowa ya huta.

"In ka sato shi," in ji ta, "kai za ka mai da shi, a ƙasa, ba a mota ba."

Ta dubi Mani. "Malam Mani, in na ɗauke shi na yarda ke nan ni hannu ɗaya gare ni, na karɓa. Haka zan je Ingila in karɓa, in dawo in tsaya gaban ɗalibai in koya musu su ma su buɗe baki a zuba. Ban zagi Dakta ba. Abin da na ci na ji daɗi na ɗebar mashi."

Goggo tana gefe tana tsince wake, ba ta sa baki ba sai da Mani ya juya gare ta ya ce, "Hajiya, ki sa baki, tafiyar ɗiyarki ce za ta lalace." Ta ɗago ta dubi Zulai.

"An ci abin da kika zuba?"

"Ba a taɓa ba, Inna."

"To wannan tsakaninshi da cikinshi ne. Ke kin fita."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Amma da la'asar na ga ta kwance ƙullin kukar da ta tanada, ta juye a tukunyar gida. Zulai kuma ta daɗe zaune bayan rumbu ita kaɗai. Ranar ban tsokane ta ba. Ku rubuta wannan, don bai sake faruwa ba.

Wata ya ƙare, sunan Mani ya tafi. Ni na kai shi Funtuwa ya hau motar Kano, yana ta waiwaye kamar wanda ya ɗauki takalmin wani a masallaci. Rigar sanyin nan Zulai ta ba shi, ta ce kada ta yi asara. Ta matse shi a hammata, amma ya karɓa.

Da hutu ya zagayo Zulai ba ta koma falon Ƙanƙara ba. Ta roƙi hedimastan wata firamare a Faskari ya ba ta aron aji ɗaya ranar Asabar, tunda nan ne tsakiya. Zaman farko ita da malamin Ƙetare ne kawai, sai wata akuya da ta shigo fakewa. Sannu a hankali ƙananan malamai suka fara zuwa, wasu ma su yi hantsi a Ƙanƙara su yi yamma a Faskari, kamar masu cin tuwon suna gida biyu. Doka ɗaya ce a ajin: in ka ari littafi, ka dawo da shi da ɗan'uwansa. Can na ji ana musu har jijiyar wuya ta tashi. Wani da Zulai ta ara wa wani kwafin ɗan littafin nan ya ce ƙarshensa bai gamsar ba, tsohuwar ta yi taurin kan banza tunda titin dai an yi shi. Ta ce masa, "An yi titi, amma ka rufe littafin kana tuna sunan injiniyan ko na tsohuwar?" Ya ce duk da haka bai yarda ba, ya zaro nasa ya ce ta karanta ta ga yadda ake rufe labari. Ta karɓa tana murna kamar an ba ta kujerar Makka. Abin da take so ke nan tun farko, a ba ta ta bayar, a musa mata ta musa.

Shi kuwa ɗan littafin nan, wata rana ina lodin masara a Ƙanƙara Dakta ya aiko a kira ni, ya miƙo mini shi ya ce in kai wa mai shi. Shi kaɗai, fanko. Na kai. Zulai ta dube shi, ta buɗe akwati ta ɗauko wani, ta haɗa biyu ta ɗaure a adiko ta ce in mayar. Dakta ya dawo da su. Ta ƙara na uku. Yanzu ƙunshin nan ya fi ni sanin ramukan hanyar Faskari, in na yi gyangyaɗi shi ke riƙe sitiyari. Abu biyu kawai na lura. Duk dawowar da zai yi, sai na tarar da ƙullin gyaɗa a gefen adikon, Hajiya Bilki ce ke sawa daga cikin gida, don ita ba ta yarda a ce kwano ya fita gidanta wayam ba. Sannan akwai wani tsinken tsintsiya a cikin ɗan littafin farko, kuma kowace tafiya sai na ga ya matsa gaba. Na ce wa Zulai Dakta na karantawa a ɓoye. Ta ce ita ba ta sani ba, kuma ba ta tambaya. Ko shi ne, ko Hajiya ce, an dai ci.

Bara an sake ba da gurbi, sunanta bai fita ba. Bana ma haka. Tana nan tana koyarwa, ɗalibanta suna cika aji har taga. Mani ya dawo da digiri da sanƙo da wata irin tafiya ta mutanen da suka ga dusar ƙanƙara, kuma Asabar ɗin farko sai ga shi a ajin Faskari da littafi biyu a hannu.

Sallar da ta wuce muna zaune tsakar gidan Goggo ana cin tuwon shinkafa, jirgi ya wuce can sama. Na nuna shi da ludayi.

"Gara, ga motarku can ta wuce. Ɗaga musu hannu mana. Mutane na sayar da gona su ga Ingila, ke kin sayar da Ingila kin sayi kwano. Da kin bi shawarata da yanzu kina can kina cin dankali da cokali mai yatsu, kina aiko mani da agogo."

Ba ta ko ɗaga kai ta dubi jirgin ba. Ta gutsuri tuwonta, ta shafo miya, sannan ta dube ni.

"Bilya, kai gwamnati ta aiko maka da boko har aji huɗu, ka lashe, ka mai da kwanon ko wankewa ba ka yi ba. Ci tuwonka. In ka gama, ƙunshin Dakta na nan bakin ƙofa, na ƙara mashi ɗaya."